Man da Za a Shafa wa Takla

Litinin, 15 ga Oktoba, da hantsi

Ruwan farko ya sauka jiya, ya wanke zaitun. Yau duk garin an watse gona da buhuna da ledojin shimfiɗa, har karnuka sun bi. Mu kam muna gida. Mijina Abu Mitri ya fito da buhunanmu ya kakkaɓe, ya ninke, ya mayar inda ya ɗauko. Tun ranar Alhamis ɗin nan da ya je gona, maganar da ke haɗa ni da mijina ba ta wuce "ga gahawa" ba.

Wandon da ya sa ranar na wanke na sake wankewa. Ƙasa ce kawai a gwiwoyin, babu jini. Na gode wa Allah babu jini. Amma dattijo mai furfura ba ya durƙusawa a tsakiyar hanya don ra'ayin kansa, ni ma ai ba yarinya ba ce.

Baƙin da suka kafa unguwa a kan tudu sun ja waya mai ƙaya a bakin kwarin. Gonarmu ta faɗa ciki, tsohuwar bishiyar zaitun ɗinmu Rumiyya ma tana ciki. Na rubuta ke nan, ba zan sake rubutawa ba.

Talata, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Rula, matar ɗana Mitri, ta same ni ina naɗe shinkafa a ganyen inabi. Ta zauna tana ta juye-juye, can ta kira ni yadda ake kiran suruka a nan ta ce, "Mart Ammi, don Allah me ya sa sai lallai man bishiyar nan? Ga maƙwabciyarmu Subhiyya ta ce mu ɗebi nata iya son ranmu."

'Yar birni ce, ba laifinta ba ne. Na ce mata a gidan nan ba a taɓa tsoma yaro a ruwan baftisma ba sai an shafe shi tun daga ka har tafin ƙafa da man Rumiyya, kuma man shekarar da aka haife shi. Haka aka yi wa mijinki, haka aka yi wa ubansa, haka aka yi wa kakan da ko hotonsa ba mu da shi. Bishiyar ta girmi ginin cocin. Ana tsinke 'ya'yanta daban, a matse daban, ba a gauraya da na sauran gonar. Ta ce, "To in ba a samu ba fa?" Na ce ba a taɓa rasawa ba. Ta dubi jaririyarsu Takla da ke barci a cinyarta.

Na san abin da ta haɗiye. Takardunsu na ƙaura zuwa ƙasar Chile sun fito, 'yan'uwanta na can suna jira. Mitri kuwa ya yi wa ubansa alkawari ba za su tashi ba sai an yi wa jaririyar baftisma a nan.

Ubangiji ya yafe mini, amma akwai wani lungu a zuciyata da ya ji daɗin wayar nan. Ba mai, ba baftisma. Ba baftisma, ba tafiya.

Laraba, 17 ga Oktoba, da yamma

Abu Mitri bai ci abinci ba. Ni kuma na share tsakar gida har Subhiyya ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Im Mitri, ki bar wa gobe nata mana."

Juma'a, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na kai wa Mitri abinci shagonsa, na tarar motar masu ziyara ta tsaya. Suna ta ɗaga giciyoyin da ya sassaƙa suna sunsunawa. Wata mata a cikinsu, fara sol, mai jar hula, ta hango Takla a hannun Rula ta roƙa a ba ta ta riƙe. Wallahi mace ce mai kirki, ta iya riƙon yaro. Ta ce tun tana ƙarama take mafarkin taka ƙasa mai tsarki, da ta sauka daga jirgi sai da ta sumbaci ƙasa. Tana faɗa tana hawaye, Mitri yana juya mana maganar.

Bakina da ba ya zama wuri ɗaya ya ce a gaya mata wani yanki na ƙasar da ta sumbata namu ne, kuma an ja masa waya. Ta ce ta tausaya mana ƙwarai, amma alkawari ne Allah ya yi wa Ibrahim da zuriyarsa, ba ita ta rubuta ba, kuma sai sun cika ƙasar kakaf sannan Almasihu zai dawo. A cocinsu ma kowane wata suna tara gudummawa a kan haka. Ta ce za ta sa mu a addu'a.

Na ce, "Mitri, tambaye ta, in ya dawo ya tarar an kori masu kunna masa fitila tun farko, a gidan wa zai sauka?"

Bai juya mata maganata ba. Ya ce mata innarsa tana gaishe ta. Na san haka ya ce, domin matar ta rungume ni. Ƙanshin turarenta na nan a mayafina, ya ƙi fita.

A hanya na yi ta faɗa ni kaɗai kamar mahaukaciya. Abin da ya fi ci mini rai, giciyen da ke wuyanta irin nawa ne.

Lahadi, 21 ga Oktoba, bayan coci

Abu Mitri shi ke jan waƙa a cocinmu tun kafin in aure shi. Yau ya tsaya a wurinsa, muryar tana nan yadda take. Amma duk inda sunan al'ummar nan da aka yi wa alkawari ya zo a cikin karatun, sunan da kakanninmu suka rera ba tare da sun ji komai ba, wanda yanzu yake rubuce a jikin motar sojoji, sai ya yi tari ya tsallake. Na farko na ce mura ce. Da aka ci gaba na gane. Matar da ke gefena ma ta gane, ta zungure ni da gwiwar hannu, na yi kamar ban ji ba.

Limamin cocinmu, Abuna Sam'an, ya yi wa'azi a kan ƙasa. Ya ce ƙasa ta Ubangiji ce, mu duka baƙi ne a kanta, da mu da su. Ya ce tun da Almasihu ya zo alkawarin ya faɗaɗa, ya game duniya, babu wani wuri da ya fi wani tsarki sai inda aka yi adalci. Magana mai daɗi. Ina ji ina tunanin ko na kashe wuta a ƙarƙashin tukunya.

Wajen shan gahawa Abu Mitri ya ce masa, "Abuna, na ji mu duka 'yan haya ne. To me ya sa mai gidan ya ɗauki mabuɗin ɗakina ya ba wani ɗan haya?"

Abuna ya ce, "Ba shi ya ba shi ba, Abu Mitri, ƙwata aka yi."

"To yana kallo?"

Abuna ya kurɓi gahawa. Ya daɗe yana kurɓa.

Talata, 23 ga Oktoba, da safe

Yau ya yi magana. Muna karyawa, yana tsoma gurasa a mai, kansa a ƙasa, ya ce, "Littafi ya buɗe mini, Hilane." Na ce wa? Ya ce yaron da ke bakin wayar, wanda gemunsa bai ma gama fitowa ba. Bindiga a kafaɗa, littafi a hannu. Ya karanta da harshensu, amma Abu Mitri ya gane wurin. Ya ce, "Wurin da nake rerawa ne duk shekara. Ni na fi shi iya karanta shi."

Ban tambaye shi sauran ba, shi ma bai faɗa ba. Na ƙara masa shayi alhali kofinsa a cike yake, ya zube a tebur.

Alhamis, 25 ga Oktoba, da azahar

Mitri ya je neman takardar izinin shiga gona. Sun ce ana dubawa.

Bayahudiyar nan mai furfura da ke zuwa taya mu tsinka kowace kaka ta kira. Ta ce ta zo da mutanenta, an mayar da su daga kan hanya. Ta ce in gaya wa Abu Mitri a littafin da ita take karantawa an hana matsar da iyakar maƙwabci. Na gaya masa. Ya ce, "Kowa da shafinsa."

Juma'a, 26 ga Oktoba, da hantsi

Ana dubawa.

Na kwashe kayan kabad na mayar. Na ɗauki Takla na ajiye, na sake ɗauka har ta yi kuka. Ban san inda zan sa kaina ba.

Asabar, 27 ga Oktoba, da la'asar

An yi ta yau.

Mitri ya shigo ko zama bai yi ba ya ce wa ubansa, "Yaba, na yanki tikiti. Litinin sha biyu ga wata mai zuwa. Lahadin da ke gabanta a yi baftisma da kowane mai aka samu, in ba haka ba a yi mata a can."

Uban ya ce, "A can? Da man kanti?"

"Allahn can da na nan ɗaya ne."

"Alkawarin da ka yi mini fa?"

"Na yi alkawari lokacin da gona tana hannunmu. Yaba, na gaji. Kowa a duniya yana son ƙasar nan. Wancan ya ce an yi masa alkawarinta, wannan ta zo ta sumbace ta, kai ka ce Almasihu ya taka ta. Duwatsunta masu tsarki ne, bishiyoyinta masu tsarki ne, mu kaɗai ne ba mu da tsarki. Ba zan raini 'yata a inda itace ya fi ta daraja ba."

Na ce, "Kai, rufe mana baki, da ubanka kake magana." Ya ce mini, "Immi, ke ma kin san gaskiya na faɗa." Na ɗaga ludayi kamar zan kwaɗa masa, sai na ga gashin gefen kansa ya fara fari. Yaushe haka ta faru ban sani ba? Na ajiye ludayin.

Abu Mitri bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba don ya fi ta daraja ba ne. Don in ta girma a can aka tambaye ta ita 'yar ina ce, jikinta ya sani ko da bakinta ya manta." Ya tashi ya fita.

Shi ke nan, dabarar zuciyata ta rushe. Da mai da babu mai tafiya za su yi. Ina jin tsoro, kuma ban san wanne na fi tsoro ba.

Lahadi, 28 ga Oktoba, da yamma

Bai je coci ba. Tunda na san shi rashin lafiya ce kaɗai ke hana shi. Wani ya ja waƙar, ya yi ta kwan-gaba kwan-baya, tsofaffi suna gyara masa daga kujerunsu.

Abuna ya biyo mu gida. Ya ce, "Abu Mitri, mai mai ne. Ni zan sa masa albarka, alherin ba daga bishiya yake sauka ba. Kada ka mayar da Rumiyya abin da su suka mayar da tudun can."

Na zaci zai fusata. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni ban kori kowa saboda ita ba, Abuna. Makiyaya na kwana a inuwarta, Musulmi da Kirista, ban taɓa ce wa wani tashi ba."

Abuna ya ce haka ne. Ya ce amma ya yi masa alkawari ba zai je ba. Abu Mitri ya ce in kawo wa Abuna inabi.

Talata, 30 ga Oktoba, da hantsi

Tun safe ƙarar inji ke tasowa daga kwarin, ta yi ta tsaya, ta yi ta tsaya. Subhiyya ta ce hanya suke gyarawa. Na rufe taga na kunna rediyo.

Laraba, 31 ga Oktoba

Hanya suke gyarawa.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, da azahar

Rula ta fara ɗaure kaya. Ta tambaye ni ko za ta tafi da tukunyar jan ƙarfe, na ce ta ɗauka, ta ɗauki labulen ma, ta ɗauki ƙofar in za ta shiga jaka. Ta fashe da kuka. Na bi ta ɗaki na ba ta haƙuri. Yarinya ce mai hankali, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni ce dai bakina ya yi tsami kwanan nan.

Na tsaya gaban hoton Budurwa Maryamu in yi addu'a, na rasa me zan roƙa. In roƙi mai, na roƙi mijina ya tsallaka waya. In roƙi ya zauna, na roƙi jikata ta tafi haka nan. Na ce mata, ke ma uwa ce, kin taɓa ɗaukar jariri kin gudu daga garin nan, ki zaɓa mini. Na ƙara wa fitilarta man Subhiyya. Fitilar ta ci da kyau.

Asabar, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Abu Mitri ya wuni yana wasa da Takla, yana rera mata waƙoƙin coci a kunne. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Wannan ya fi rashin cin tayar mini da hankali.

Na ɓoye takalman gonarsa a bayan buhun gari.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da sassafe

Ba ya nan. Takalman suna inda na ɓoye su. Da na zuwa coci ya tafi.

Da hantsi

Mitri ya so ya bi shi, na tare ƙofa na ce sai dai ya taka ni. Ɗaya ya isa.

Har yanzu da hantsi

Na dafa gahawa ta huce. Na sake dafawa. Kowace mota ta wuce sai na fita. Subhiyya ta shigo ta zauna kusa da ni tana jan carbinta, ni ina jan nawa.

Bayan azahar

Ya dawo.

Ƙafa ɗaya ba takalmi. Tafin hannunsa na dama a yage, leɓensa a kumbure. Ya ce faɗuwa ya yi. Ya cire rawaninsa ya ƙulle zaitun a ciki, ya rungumo kamar jariri. Ya ajiye a tebur ya ce, "Ga na Takla."

Mitri ya durƙusa yana sumbatar hannun, yana cewa, "Yaba, me ya kai ka, me ya kai ka." Uban ya ce, "Tashi, ka ɓata mini riga." Mitri ya ce, "Yaya Rumiyya take?" Ya ce, "Tana nan. Ta yi 'ya'ya bana kamar ba gobe."

Ni ban yi kuka ba. Na zage shi tas ina wanke masa ciwon, na ce tsohon banza mai taurin kai, da sun harbe ka da wane mai za mu shafa maka. Ya bar ni na gama.

Talata, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Abin bai kai a kai gidan matsa ba, injin zai lashe shi ne kawai. Subhiyya ta ce mu yi irin na iyayenmu. Muka fito da dutsen niƙa, muka farfasa, muka zuba a kwano da ruwan zafi muka yi ta murzawa, muka jira man ya taso, muka riƙa kwashewa da tafin hannu muna tsiyayawa a kofi.

Kafin nan, da na kwance rawanin, na ga 'ya'yan sun yamutse, ba irin na zaitun da aka tsinka jiya ba. Ganyen da ya biyo su ya bushe ya nannaɗe. A ƙasan ƙullin akwai dusar katako, fara, mai laushi. Subhiyya ma ta gani. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ruwan ya yi zafi, Im Mitri, mu fara." Na tankaɗe dusar a bayan gida.

Man bai cika kofin gahawa ba. Kore shar, yana kama maƙogwaro.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Ina ta zuwa ina duba kofin, kamar zai gudu.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, da yamma

An yi wa Takla baftisma. Cocin ya cika, har da waɗanda ba mu gayyata ba, domin labari ya zaga. Abuna ya ɗaga kofin ya duba, ya sa albarka. Ya ɗiga a ruwan, ya shafa mata a goshi da ƙirji da kunnuwa, ya miƙa wa uban baftismarta sauran. Mutumin yana tsoron kada ya ƙare, yana shafawa kaɗan-kaɗan. Abu Mitri ya ce daga inda yake tsaye, "Juye duka. Har tsakanin yatsun ƙafa." Rula ta raɗa mini ko a rage kaɗan su tafi da shi a kwalba. Na ce ta bar shi.

Yarinyar ta yi ta santsi a hannun Abuna kamar kifi, saura kaɗan ta suɓuce. Da aka tsoma ta ta tsala ihun da sai da tsofaffi suka yi dariya. Na karɓe ta a farin tawul, tana ƙanshin gonarmu. A nan ne na yi kukan da na riƙe, ban damu da wanda ya gani ba.

Litinin, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi.

A bakin mota Mitri ya rungume ubansa ya ƙi saki. Ya ce, "Yaba, in Allah ya ba mu wani, kai za ka aiko mana da man. Ko cokali ɗaya ne. Ba zan yi masa da na kanti ba, na rantse." Abu Mitri ya ce, "Allah ya kai ku lafiya." Mitri ya ce, "Ka ce za ka aiko." Ya ce, "Shiga mota, direba na jira."

Mun tsaya har suka sha kwana. Ina shirin komawa ciki ya riƙo hannun rigata.

"Ke kika kwance rawanin?"

Na ce ni ce.

"To kin gani."

Na ce na gani.

Ya ce, "Kada ki faɗa wa yaron." Na ce in ya aiko neman mai fa? Yana kallon hanyar da motar ta bi ya ce, "A kwance na sami Rumiyya, Hilane, sun sare ta. Rassan can na ƙoli, waɗanda tun ina yaro ban taɓa kaiwa ba, ubana ma bai kai ba, su na tsinko wa Takla. Ina tsaye a ƙasa."